SANƘARAU DA HANNUN MAI KYAUTA

Malaminmu na kiwon lafiya ya ba mu aiki, ya ce kowa ya zaɓi cuta guda ya bi labarinta, ya kuma gano ko wane ne ke biyan kuɗin yaƙi da ita. Ni na zaɓi sanƙarau. Da na karanta nawa a aji aka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa, saboda haka Edita ya ce in gyara shi a sa a shafin Hausa, domin waɗanda ba su aji su ma su sami abin cewa. To, ga shi.

Ba don na fi sanin sanƙarau na zaɓe shi ba. Akwai wani yaro ne da na ke tunawa.

Kafin in shigo kwalejin nan na yi shekara biyu ina koyarwa a wata 'yar makarantar firamare, a wani ƙauye kamar mil 15 daga garin nan namu Fataskum, wanda a ke rubutawa Potiskum. A cikin 'yan aji huɗu akwai wani ɗan Fulani mai kaifin kai a lissafi, kullum daga ruga ya ke zuwa da ƙafa. Wata rana a farkon shekarar 2024, hunturu na ƙarewa zafi na shigowa, sai na ga ya kifa kai a kan benci. Na ɗauka lalaci ne, har na daka masa tsawa. Ya ɗago da ƙyar, ya ce kansa ke ciwo. Na ce ya je ya sha ruwa. Kashegari bai zo ba, jibi ma haka. Ran kwana na uku na ji an kai shi asibiti a bayan ɗan acaɓa, ubansa na riƙe da shi, wuyansa ya sandare. Kwana biyun nan da aka yi a gida ba don rashin so ba ne. Rana ɗaya ta tafi wajen jiƙe-jiƙe, ɗayar kuwa wajen neman wanda zai sayi akuya a sami kuɗin hanya da na magani.

A cikin waɗannan makonni cutar ta shiga makarantun kwana na Fataskum, ɗalibai suka mutu, iyaye suka yi ta zuwa kwashe 'ya'yansu. Da yawa cikinku kun san wannan fiye da ni. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,742 da a ke zaton sun kamu, da mutum 153 da suka mutu, daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa 11 ga Maris 2024, a jihohi bakwai, har da Yobe.

Bari in faɗi yadda cutar ta ke, gama malamin makaranta shi ne sau da yawa ya kan fara ganinta. Wata ƙwayar cuta ce ta kan zauna a hanci da maƙogwaron mutum, ta kan bi tari da atishawa ta koma kan wani. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, ba ta kuwa yi musu kome. Amma in ta sami hanya ta shiga jini, sai ta kai ga fatar nan mai laushi da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ta kumbura ta. Daga nan sai zazzaɓi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da sandarewar wuya, mutum ba ya son haske. In jariri ne, maɗigarsa ta kan kumbura. Tana iya kashewa cikin yini da kwana. Cikin waɗanda suka tashi kuma, kamar ɗaya cikin biyar ya kan tashi da tabo, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin tunani. Lokacinta daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwan fari, sa'ad da ƙura da busasshiyar iska suka ƙeƙashe hanci, mutane kuma suna cunkushe a ɗaki. Ƙasashen da ta fi damu guda 26 ne, a jere daga Senegal zuwa Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsu.

To, ku dubi yara biyu. Ɗaya ɗan ma'aikaci ne a cikin gari, asibiti na bayan gidansu, ubansa ya san likita. Ɗaya kuwa wannan ɗalibi nawa. Ƙwayar cutar ɗaya ce, maganin ɗaya ne, amma na farko ya kan sami allura kafin azahar, na biyu sai bayan kwana uku. Wannan tazara ba Allah ne ya sa ta cikin jinin yaran ba, mutane ne suka shirya zamansu haka. Abin da masana ke kira adalci wajen lafiya shi ne a cike wannan tazara, watau kada inda aka haifi mutum, ko launin fatarsa, ko harshensa, ko aljihun ubansa, ya zama shi ke yanke ko zai rayu. Tambayar darasin nan ita ce: masu hali da ke ba da dukiyarsu don jinƙai, da gidauniyoyin da su kan kafa, suna iya cike ta?

Ni dai ba ni da bakin raina kyauta. A makarantar Mishan na yi karatu, kuɗin da ya gina ajin da na koyi abacada kuwa wasu mutane ne da ban taɓa gani ba suka tara a ƙasarsu. Kakata ta sha ba mu labarin ɗakin shan magani na Mishan da ke kusa da ƙauyensu, inda aka warkar mata da gyambo ba a tambaye ta addininta ba. Irin wannan aiki ya yi yawa a Arewa. A ƙarshen shekarun 1930 Mishan ta S.I.M. ta karɓi kula da kutare tare da En'e a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, a zamanin da mutane ke gudun ko inuwar kuturu. Amma kakata ta kan ƙara da abu biyu. Na farko, malamin da ke wanke gyambon kullum baƙin mutum ne ɗan ƙasa, ba ta kuwa taɓa jin an ambaci sunansa ba in baƙi sun zo kallon aikin. Na biyu, da Turawan suka tafi, ba a daɗe ba kwalaben suka zama wofi. Ginin na nan, magani babu.

Maganar launin fata ba baƙuwa ba ce a asibitocin ƙasar nan. A 1902 Gwamnatin Ingila ta haɗa likitocinta na Afirka ta Yamma cikin ma'aikata guda, ta kuma sa doka cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Baƙin likita ko ya ci jarrabawa ɗaya da Bature a Ingila, matsayinsa da albashinsa na ƙasa. Dokar garuruwa ta zamanin Gwamna Lugga, ta 1917, ta ce a bar fili yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Ku lura da wannan dabara. An san sauro na kashe 'ya'yanmu, amma abin da aka fara tsarawa shi ne yadda ba zai ƙetara fili ba. A manyan garuruwa asibitin Turawa dabam, na baƙar fata dabam. Arewa duk faɗinta ba ta sami likita ɗanta ba sai Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a hannun Mishan a Wusasa ta Zariya, ya yi karatun likita a Birmingham. A nan kun ga kyauta ta buɗe ƙofar da hukuma ta rufe, amma wa mutum ɗaya.

Don mu ga iyakar abin da kyauta ke iyawa a inda wariya ta zama doka, sai mu leƙa Amurka, gama can aka fi rubuta labarin. Akwai wani attajiri Bayahude, Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears. Ya haɗa kai da Booker T. Washington, malamin nan baƙar fata na makarantar Tuskegee, suka shiga gina wa 'ya'yan baƙar fata makarantu a jihohin kudu. Kafin 1932 an gina kusan 5,000. Sharaɗinsa shi ne ba ya biya duka: sai mutanen gari sun kawo nasu, ko kuɗi, ko fili, ko ƙarfin jiki, hukumar yankin kuma ta yarda za ta riƙe makarantar. Da aka yi lissafi, abin da talakawan baƙar fata suka tara ya ɗara abin da gidauniyar ta bayar. Wannan aiki ne mai kyau, ko da ya ke makarantun na wariya ne, ɗan baƙi bai zauna benci ɗaya da ɗan fari ba.

Amma ku ji ɗaya gefen. Gidauniyar nan tasa ta ba da kuɗi a gwada yi wa baƙar fata maganin tunjere a wasu yankuna, har da yankin Macon na jihar Alabama, inda Tuskegee ta ke. Sai karayar arziki ta duniya, wadda ta fara a 1929, ta taɓa dukiyar, aka janye hannu. Likitocin Gwamnati suka ga ga mutane an riga an tara, ga sunayensu a littafi, ga kuɗin magani babu. Sai a 1932 suka mai da abin wani bincike dabam: suka ɗebi maza baƙaƙe 600, 399 daga ciki masu tunjere, don su ga yadda cutar ke cin mutum in ba a yi masa magani ba. Ba a gaya musu gaskiya ba. Har penisilin ta zo, ta zama maganin cutar, aka hana su. Ba a daina ba sai 1972 da jarida ta tona. A 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Ba Rosenwald ne ya yi wannan mugunta ba, kada a ɗora masa. Abin da na ke so mu gani shi ne, mutanen sun zo ne domin sun amince da hannun da ya fara ba su magani, da hannun ya janye kuwa ba su da wata doka ko murya da za ta tsare su.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Mu dawo gida, mu dawo kan sanƙarau. A 1996 aka yi annobarsa mafi muni da aka taɓa rubutawa a Afirka: mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka mutu, fiye da 11,000 daga cikinsu a Nijeriya. Iyayenmu na tunawa da wannan shekara. A Kano, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna yi wa mutane magani kyauta. A wannan asibiti kuma kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada wani sabon magani, Trovan, a kan yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ba maganin ba, bai kuwa amsa laifi ba. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya bayyana musu cewa gwaji a ke yi. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ba ni ne alƙali ba. Amma abin da ya biyo baya kowa ya gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004. Jita-jitar ƙarya ce, an gwada maganin an ga lafiyarsa lau, cutar kuwa ta sami sarari ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye a banza. Duk da haka akwai wata tambaya da talakawa suka riƙa yi a lokacin wadda ba ta wauta ba ce: don me a ke biyo mu har gida da ɗigon shan inna kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun saya? Amsar ita ce, masu ba da kuɗin su suka zaɓi cutar da za a yaƙa. Niyyarsu mai kyau ce, an kuwa ci nasara, gama a ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Amma ba a sami kan jama'a ba sai da aka koma ta hannun Sarkin Musulmi da sarakuna da limamai da masu unguwa, watau sai da aka yi abin da ya kamata a fara da shi.

Yanzu ga labarin da ya sa ban fid da zuciya ba, shi ne kuma zuciyar darasin nan.

Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, masana sun sa musu haruffa: A, C, W, X, Y. Wadda ta fi yi mana ɓarna a da ita ce A. Akwai tsohuwar allura, amma ba ta tsare ƙananan yara sosai, ƙarfinta kuma ba ya daɗewa, saboda haka sai annoba ta riga ta faɗo a ke rugawa da ita, kamar mai haƙa rijiya bayan gobara ta kama. An san hanyar yin wadda ta fi ta, gama ƙasashen Turai sun yi wa kansu irinta don irin C da ke damunsu. Amma irin A cutar talakawan Afirka ce, manyan kamfanoni ba su ga riba a ciki ba. Ga ilmi, ga mabukata, babu mai haɗa su.

A 2001 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70 ga Ƙungiyar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH, a ƙirƙiro allurar irin A domin Afirka. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran shi ne, kafin a taɓa kwalba ɗaya sai da shugabannin aikin suka zagaya suka tambayi ma'aikatan lafiya na Nijar da maƙwabtanta irin allurar da su ke so. Suka amsa cewa farashi shi ne magana: in ta wuce rabin dala kowane mutum, ƙasashensu ba za su iya ci gaba da saye ba, allurar da ba a iya saye kuwa daidai ta ke da babu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Aka ɗauki wannan magana aka mai da ita sharaɗi. Manyan kamfanoni ba su yarda da farashin ba, sai aka nufi Indiya, kamfanin Serum Institute ya ce zai yi. Aka samo dabarar haɗin daga wani ɗakin bincike na Gwamnatin Amurka. Aka yi gwaji a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana, da sanin hukuma da yardar iyaye. A watan Disamba 2010 aka fara yi wa jama'a allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya kuma ta fara a 2011. Farashinta bai kai rabin dala ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ya fi burge ni, ni da na zauna ƙauyen da babu lantarki. Allurar rigakafi a ka'ida cikin sanyi a ke ajiye ta, daga masana'anta har hannun yaro. Ƙauyen da ba shi da firji, hanyarsa kuma ta fi ƙarfin ƙanƙara, shi a kan bari a baya. Sai aka gwada wannan allura aka tabbatar tana iya kwana huɗu a waje cikin zafin da bai wuce 40 a ma'auni ba, ba ta lalace ba. A 2012 aka fara aiki da ita haka a arewacin ƙasar Benin. Wanda ya yi wannan tunani ya tuna da mutumin ƙarshen layi. Sakamakon kuwa, irin A da ya addabi kakanninmu shekara da shekaru ya kusa ɓacewa daga ƙasashen nan ɗungum.

Sai dai cuta ba ta hutu. Da A ya kwanta, C ya tashi. A 2017 ya kashe fiye da mutum 1,000 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da kewaye, shi ne kuma ya fi yawa a annobar 2024 da ta taɓa mu. PATH da Serum Institute suka sake haɗa wata allura mai tsare mutum daga iri biyar gaba ɗaya, da kuɗin Gwamnatin Ingila. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi aiki da ita, a 2024, ƙungiyar Gavi ta biya, Yobe na cikin jihohin da aka kai ta. Ta zo, mun gode. Amma ta zo bayan an rufe wasu.

Wani zai ce, ashe magana ta ƙare, sai mu yi ta addu'a Allah ya ƙaro masu kuɗi masu tausayi. A'a. Allura a cikin kwali a Damaturu ba ta tsare yaro a ruga. Tsakaninta da hannunsa akwai man babur, da albashin mai yin allura, da hanya, da wanda zai yi wa uwar yaron bayani da harshen da ta ke ji. Waɗannan kuwa ba na shekara ɗaya ba ne, na kullum ne, abin kullum kuwa ba a dogara da baƙo a kansa. Gidauniyar Gates da ta Aliko Ɗangote sun gane haka. Suka ƙulla yarjejeniya da jihohi a kan rigakafin yara na yau da kullum, aka fara da Kano, sa'an nan Bauci, kafin ƙarshen 2016 Barno da Kaduna da Sakkwato da Yobe sun shiga. Tsarin shi ne a zuba kuɗi a asusu guda, kowace shekara rabon gidauniyoyin na raguwa, na jiha na ƙaruwa, har jiha ta ɗauki kayanta duka. A ganina wannan ya fi gina asibiti a sa suna a bango, gama yana tilasta wa hukuma ta koyi aikinta. Amma maƙarƙashiyar na nan. Mashaƙon da ya kashe yara da yawa a Kano da Yobe a 2023 cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke hanawa. Kowane yaro da ya mutu da shi shaida ne cewa akwai gidan da ba a kai ba.

Zanen aro ba ya rufe katara. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyukan lafiya da yawa a Arewa maso Gabas suka girgiza. A wannan shekara kuma Bill Gates ya ba da sanarwa cewa gidauniyarsa za ta rufe a ƙarshen 2045. Yawancinmu a lokacin muna cikin aiki, wasunmu sun zama hedimasta. Shugabannin Afirka kuwa tun 2001 suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta don lafiya, Gwamnatin Tarayya har yanzu ba ta cika ba. Magani a hannun mai kyauta alheri ne, sai ka gode. A hannun hukumar da ke karɓar haraji kuwa hakkinka ne, kana iya tambaya in ba ka gani ba. Mutanen Macon abin da suka rasa ke nan.

A aji wani abokina ya tashi ya ce, maganar launin fata ba ta shafe mu ba, gama mu nan duk baƙaƙe ne. Gaskiyarsa, ta wani gefe. Amma filin nan na yadi 440 bai tafi tare da Turawa ba, mun dai sāke masa wuri. A Fataskum muna da Ngizimawa da Bolewa da Karekare da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari, da 'yan kudu, Musulmi da Kirista, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga garuruwansu. Na taɓa tsayawa a wani ɗakin shan magani na ga ana yi wa wata mata faɗa don ba ta amsa tambaya ba, alhali ba ta jin Hausa sosai, ba kuwa wanda ya nemi mai fassara. Na tabbata ba ta koma ba. Na kuma ji da kunnena ana cewa, a fara da 'yan gari tukuna, in ya ragu a ba baƙi. Ƙwayar sanƙarau ba ta tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma. In ta sami wurin zama a hancin wanda aka bari, daga can za ta dawo ɗakin kwanan 'ya'yan waɗanda aka fara da su.

Masu halinmu na gida fa? Garin nan ba matalauci ba ne. Kasuwar shanunmu na cikin manya a Afirka ta Yamma, manyan motocin mutanen Fataskum kuwa babu hanyar da ba su bi a ƙasar nan. Suna kuma bayarwa, kada a zalunce su: zakka na fita, a coci ana baiko, ana ciyarwa da azumi, wani ya kan shiga asibiti ya biya wa marasa lafiya bashi. Allah ya saka. Abin da na lura dai shi ne, mun fi son kyautar da ido ke gani. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ɗauki nauyin man babur na mai allurar gunduma kaza shekara biyar ba, ko ya yi wakafin shago guda kuɗin hayarsa ya riƙa kai marasa lafiyar ƙauye asibiti da dare. Irin wannan ba a yanka masa kyalle, ba a ɗaukar hoto. Da akwai shi, da akuyar nan ba ta ci wa ɗalibina yini guda ba. Kuma kafin a yi, a je a tambayi ardo da mai unguwa da ungozoma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, kamar yadda aka tambayi mutanen Nijar.

Saura namu, mu malamai. Ba mu da miliyan, amma rajista na hannunmu, mun san gidan kowane yaro, mun san wanda bai zo ba. In kun fita koyon aiki, ku tambayi malamin asibitin wurin ranar da a ke allurar jarirai, ku faɗa wa yara su kai gida. In masu rigakafi sun zo, ku tambaye su ko sun san rugagen da ke bayan gari, in ba su sani ba ku haɗa su da yaron da zai nuna hanya. Ku buɗe tagogin aji da na ɗakin kwana ko ana sanyi. In yaro ya kifa kai da rani ya ce kansa na ciwo, ku taɓa jikinsa, ku ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. In ya kasa, ko ya yi kuka, kada ku aike shi gida shi kaɗai, kada ku jira gobe. Ku bar ajin ku kai shi.

Ɗalibin nan nawa ya tashi. Bayan wata biyu ya dawo makaranta, ya rame, kunnensa na dama ya mutu, na hagu yana ji kaɗan-kaɗan. Na mai da shi bencin gaba ta wajen dama, na koyi yin magana ina fuskantarsa, ba ina fuskantar allo ba. Lissafinsa na nan yadda ya ke. Ubansa ya zo ya yi mini godiya da ƙwaryar nono, bai san da tsawar da na daka ba, ni kuwa na kasa gaya masa. Da hutun da ya wuce na koma ƙauyen, na tarar malamin da ya gaje ni ya mai da shi baya, wai ya yi tsawo yana tare wa ƙanana allo. Na yi masa bayani, muka ɗauko bencin tare.